Wutar da ta ci cocin unguwar Zariya

A watan Yunin 2019 hukuma ta kama wani limami a Maraɗi saboda ya soki daftarin dokar tsara ibada. A daren nan masu zanga-zanga suka cinna wa cocin Assemblée de Dieu da ke unguwar Zariya wuta, har da motar fasto. Kiristocin ba su rubuta dokar ba, ba su kama kowa ba, amma a kansu fushin ya sauka. Washegari aka saki limamin, majalisa kuma ta amince da dokar ranar 17 ga watan.

Tarzoma ta lafa. Sai dai Kiristan Tasawa, ko ɗan bori a ƙauyukan Mayahi inda jami'an tsaro ke da nisa, abin da zai kwantar masa da hankali shi ne ya ga mai ƙona ɗakin ibada a gaban alƙali.