Hatimi Ba Ya Wanke Ha'inci

Ya kai mai karatu, ka sani a ƙasar Amurka akwai masu tara tsofaffin katuna masu hoton 'yan wasa. Kamfanin PSA yakan duba kati, ya ba shi daraja daga 1 zuwa 10, masu saye kuwa suna dogara ga wannan shaida. Wani katin Honus Wagner na wajen 1909 ya sami daraja 8, aka sayar da shi dala miliyan 2.8 a 2007. Amma a 2013 wani dillali, Bill Mastro, ya amsa a kotu cewa ya datse gefensa domin ya ƙara kyau.

Ka gani, mai dubawa ɗan adam ne, yana ruɗuwa. Saboda haka in ka sayar da abu kana sane da aibinsa, mai saye ya komo neman kuɗinsa, kada ka fake da hatimi, gama Allah ya ga abin da ka ɓoye. Ka tuna da Zakka, wanda ya yi wa Ubangiji Yesu alkawarin mayarwa riɓi huɗu. Ka mayar. Kai mai saye kuma, kada ka ƙaga aibi domin ka warware ciniki.