MUDU BIYU A FILIN KURKET

Wasan kurket bai yaɗu a ƙasarmu ba, amma a Indiya da Ingila da Ostareliya mutane suna ƙaunarsa ƙwarai. Mutum guda yakan jefa ƙwallon fata mai tauri, wani kuwa yana tsaye da faffaɗan itace domin ya tsare sanduna uku da aka kafa bayansa. Alƙalai biyu suna cikin fili, akwai kuma wani babba a waje mai hukunta ɗan wasan da ya yi rashin ladabi. Zancen alƙalan nan muke so mu yi, gama akwai tambaya a ciki da ta shafe mu: wanda aka daɗe ana auna masa da ƙaramin mudu, idan mudu ya komo hannunsa, ƙaƙa zai yi?

Cikin shekara ta 1909 Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu suka kafa majalisar da ke mulkin wasan, wadda a yau ake ce da ita ICC. Daga baya aka shigo da Indiya da Pakistan da tsibiran Karibiyan, amma har 1993 Ingila da Ostareliya suna da iko su soke abin da sauran suka shirya. Shekaru da yawa baƙar fata da mutanen Asiya suna gunaguni, suna cewa idan Bature ya yi abu sai a kira shi zafin wasa, idan su suka yi sai a kira shi laifi.

Gunagunin nan ya fito fili cikin Nuwamba 2001 a Port Elizabeth, inda Indiya ta kara da Afirka ta Kudu. Babban alƙali Mike Denness, wanda dā shi ne kyaftin na Ingila, ya hukunta mutanen Indiya shida a wasa ɗaya, bai taɓa ko ɗaya daga wancan gefe ba. Ya hana Virender Sehwag wasa guda domin yawan matsa wa alƙalan fili. Ya kuma ci Sachin Tendulkar tara, domin an gan shi yana sa farce a ɗinkin ƙwallo. Dalilin dokar ke nan: idan aka karce gefe guda na ƙwallo, sai ya karkace cikin iska ya ruɗe mai bugu. Daga baya majalisa ta ce laifinsa shi ne share ƙwallo ba da iznin alƙali ba. Mutanen Indiya ba su manta ba, cikin 1994 an ga kyaftin na Ingila, Michael Atherton, yana shafa wa ƙwallo ƙasa daga aljihunsa. Babban alƙali ya karɓi bayaninsa, mutanensa ne suka ci shi tarar fam 2,000, ya ci gaba da wasa.

A ganinmu ƙarar Indiya tana da gaskiya a cikinta. Amma ku dubi yadda aka biɗi hakki. Shugabannin wasan na Indiya suka ce ba za su shiga fili ba sai an kawar da Denness. Majalisa ta ƙi. Afirka ta Kudu kuwa ta bi Indiya, aka naɗa wani alƙali, aka yi wasa na uku ba da yardar majalisa ba. Tun ran nan kowa ya gane inda ƙarfi ya koma, gama yawancin masu kallo da kuɗin talabijin daga Indiya suke fitowa. Gaba da gabanta.

Cikin Janairu 2008 aka sāke a Sidni. Aka yi ƙarar Harbhajan Singh na Indiya, wai ya kira Andrew Symonds na Ostareliya biri, shi kuwa ya yi musu. Aka hana shi wasa uku. Indiya ta tsai da tafiyarta, ta ɗaukaka ƙara. Wani alƙalin kotu daga New Zealand, John Hansen, ya ce shaida ba ta isa ba, ya mai da hukuncin tara. Wannan hanya ce mai kyau, ba mu da abin cewa. Abin da ya dame mu shi ne na Steve Bucknor, mutumin Jamaika, baƙin mutum, wanda ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na kofin duniya har sau biyar. Gaskiya ya yi kurakurai a Sidni, sun kuwa cuci Indiya. Amma da Indiya ta yi kuka sai aka cire shi daga wasa na gaba, alhali ka'ida ba ta ba mai wasa iko ya zaɓi alƙalinsa ba. Kowane alƙali da ya ga wannan ya koyi abu guda, watau kuskure a kan mai ƙarfi ya fi kuskure a kan marar ƙarfi tsada. Alƙalin da ya koyi haka ya riga ya karkata tun bai shiga fili ba.

Wani zai ce, “Turawa sun yi nasu shekara tamanin, ku bar waɗannan su ɗana.” Mun ji zafin da ke cikin maganar, amma ba mu yarda da ita ba. Gama ba Ingila ce ke biyan bashin ba, ƙananan ƙasashe ne, irin su Zimbabwe da tsibiran Karibiyan, waɗanda ba su cuci kowa ba. Cikin Littafin Firistoci sura 19 Ubangiji ya tuna wa Isra'ila baƙuncinsu a Masar, nan da nan kuma ya umurce su a kan ma'auni da mudu na gaskiya. Ashe wanda ya sha zalunci shi aka fi biɗar gaskiya a hannunsa, domin ya san ɗacinsa. A sura ɗin nan kuma aka hana alƙali ya goyi bayan matalauci ko babba. Tausayin wanda aka cuta jiya ba ya halatta karkata shari'a yau.

'Yan'uwa, ikon ekklesiyoyinmu ma dā yana hannun Turawan mishan, yanzu yana hannunmu. Sa'anda dattawa suka zauna domin horo, ko ɗiyar gwauruwa da ɗan wanda ya saya mana kwanon rufi da mudu guda ake auna musu? Mai wa'azin da ya tsauta wa mai arziki, ko ba ya samun takardar canjin wuri kafin girbi?

Cikin 2014 Indiya da Ingila da Ostareliya suka haɗa kai suka ɗauki yawancin iko da kuɗin majalisa, tsohon mai mudu da sabon mai mudu a rumfa ɗaya. Wanda ya tashi ya ce wannan danniya ce mutumin Indiya ne, Shashank Manohar, da ya zama shugaban majalisa. Ya yi jayayya da mutanen ƙasarsa, har cikin 2017 aka warware yawancin shirin. Ya sauka cikin 2020. A rabon da aka shirya cikin 2023, Indiya ita kaɗai ta sami wajen 38 cikin kowane 100 na kuɗin, ƙananan ƙasashe fiye da 90 kuwa, har da Nijeriya, suka raba wajen 11 tsakaninsu.