An kwance igiya, to sai ina?

Ƴan'uwa, ga tambayar da ta hana ni barci: in doka ta ce ma bawa "ka ƴantu", shi ke nan ya zama ɗa?

A 1865 anka soke bauta a Amurka. Mutum wajen miliyan 4 sunka samu ƴanci, amma ba gona, ba kuɗi, galibinsu ko sunansu ba su iya rubutawa, don jihohin kudu da yawa sun haramta koya ma bawa karatu. A cocin iyayengiji kuwa, can baya ake zaunar da su, ana yi musu wa'azin biyayya.

Mi sunka yi? Sai sunka fita sunka gina nasu. Cocin AME, wanda Richard Allen ya kafa a Filadelfiya tun 1816, ya bazu kudu bayan yaƙin basasa. Ɗakin ibadan nan shi ne lakwal, shi ne asusun jana'iza da taimakon marayu, shi ne wurin shawara. Kwalejin Morehouse a ɗakin ƙasa na wani coci ta fara, a garin Augusta, a 1867. Hiram Revels, baƙar fata na farko a majalisar dattawan Amurka a 1870, fasto ne.

Wani zai ce: ai addinin ubangida ne, haƙuri kawai yake koyarwa. Akwai ƙamshin gaskiya, an yi fastocin da sunka ce a jira sakayya sai lahira. Kuma mata ne ke cika sahu, amma da wuya a ba su mumbari. Sai dai in haƙuri kaɗai ake koyarwa, don mi anka dasa bam a cocin Birmingham a 1963 har ƴan mata 4 sunka mutu? Azzalumi ba ya tsoron ɗakin da ake barci.

A ganina, sirrin na ga mallaka. Nan ne wuri na farko da tsohon bawa ya zaɓi shugabansa, ya riƙe asusu, anka kira shi da sunan girma. Doka igiya kawai take kwancewa. Mutunci sai cikin jama'a ake gina shi.

Mu nan Nijar, a 2003 doka ta maida bautar da mutum laifi. Amma har yau in an zo neman aure ana binciken asali. Ɗan'uwa, wanda doka ta ƴanta, wane wuri munka ba shi a cikinmu?