Bashi Tsakanin 'Yan'uwa Masu Bi

Daga cikin ƙararrakin da sukan zo gaban fada da katikis da dattawan ikkilisiya, in an ɗauke maganar aure, da wuya a sami wadda ta kai maganar bashi yawa. Mutum biyu da aka yi musu baftisma rana ɗaya sukan daina gaisawa saboda buhun masara. Mata biyu 'yan Zumunta ɗaya sukan raba wurin zama a coci saboda kuɗin adashi, har in lokacin ba da salama ya zo cikin Misa, kowace ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka wannan magana ta shafe mu duka, domin wanda ake bi bashi yau, gobe shi ne mai bin wani.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Ya yi magana da wanda ya ci bashi, ya kuma yi magana da wanda ya bayar. Inda muke tuntuɓe shi ne, kowannenmu yakan haddace ayoyin da aka rubuta domin ɗan'uwansa, ya tsallake nasa. Wanda ake bi ya san duk inda aka yi zancen jinƙai da yafewa, mai bi kuwa ya san duk inda aka yi zancen gaskiya da cika alkawari. Bari kowa ya fara karanta nasa tukuna.

Ga wanda ya ci bashi

Cin bashi ba zunubi ba ne. Ciwo yakan zo ba sallama, rumbu yakan ƙare tun sabon hatsi bai nuna ba, makaranta takan koro yaro saboda kuɗi. A cikin 2 Sarakuna 4:1-7 mun ga matar wani bawan Allah da mijinta ya mutu ya bar mata bashi, mai bin bashin kuwa yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Annabi Elisha ya sa ta aro tandaye daga maƙwabta, ɗan man da ya rage mata ya yi ta zuba har suka cika. Mu lura da abin da annabin ya umarce ta da shi bayan haka: ta sayar da man, ta fara biyan bashin, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci daga abin da ya saura. Allah ya yi mu'ujiza domin a biya bashi. Zabura 37:21 ta lasafta wanda yake ci ya ƙi biya cikin mugaye, Manzo Bulus kuma a Romawa 13:7-8 ya gargaɗe mu mu ba kowa hakkinsa, kada wani bashi ya saura a kanmu sai na ƙauna.

Littafin Sirak, sura 29, ya zana mana halin da muka sani sarai. Mutum yakan zo da ladabi da taushin murya ranar karɓa, ranar biya kuwa sai kwana-kwana da kukan babu, wani lokaci har da baƙar magana. Littafin ya ƙara da cewa saboda irin wannan ne mutane da yawa suka daina ba da rance, ko da yake ba mugaye ba ne. Ashe wanda ya ƙi biya ya cuci mutum biyu, wato wanda ya ba shi, da matalaucin da zai zo bayansa ya tarar an rufe ƙofa.

Akwai bambanci tsakanin wanda ya kasa da wanda ya ƙi. Wanda ya kasa, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya tafi da ƙafarsa tun ba a aiko ba, ya faɗi gaskiya, ya roƙi ƙarin lokaci, ya riƙa kai abin da ya samu ko da mudu biyu ne. Sauya hanya da kashe waya su ne suke mai da rashi ya zama rashin gaskiya. Amma wanda yake da halin biya, ya sayi sabon babur, ya yi wa gida ɗinkin Kirsimeti, alhali kuɗin gwauruwa yana hannunsa, wannan ya karya doka ta bakwai. Katikism na Ikkilisiyar Katolika da aka fitar a 1992, daga lamba 2410 zuwa 2412, ya koyar da cewa cika alkawari, biyan bashi da mayar da kayan mutane wajibi ne na adalci. Fada yana gafarta zunubi da sunan Allah a wurin furta zunubi, amma ba shi da ikon yafe kuɗin wani. Zakka da ya tuba, a Luka 19:8, aljihunsa ya buɗe.

Ya kamata kuma mu auna tun kafin mu miƙa hannu. Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawan wanda ya ba shi. Bashin asibiti da na iri da taki larura ne. Amma gida nawa ne suka jinginar da gona domin bikin kwana biyu, ko domin jana'izar da za a yi zancenta a gari? Mamaci ba ya cin shinkafar da aka dafa, marayunsa ne za su biya.

Ga wanda ya ba da bashi

Mai bin bashi yana da hakki, amma Shari'ar Musa ta kewaye hakkin nan da shinge. Fitowa 22:25-27 ta hana karɓar ruwa daga matalauci, ta kuma umarta cewa in an karɓi mayafinsa jingina, a mayar masa kafin rana ta faɗi, gama da shi zai rufa da dare. Maimaitawar Shari'a 24:6 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin kamar karɓe ran mutum ne. A wurinmu dutsen niƙan nan shi ne shanun noma, keken ɗinki, injin markaɗe, ko babur ɗin da mutum yake ci da iyalinsa da shi. In ka karɓe abin da yake nema da shi, da me zai biya ka?

A sura ɗaya ɗin, aya 10 da 11, an hana mai bin bashi kutsawa cikin gidan mutum domin ɗaukar jingina. Sai ya tsaya a waje a kawo masa. Allah yana kiyaye mutuncin matalauci a gaban matarsa da 'ya'yansa. Mun ga yadda waɗansu masu ba da rance ta wayar hannu suka riƙa aika saƙon tozarci ga dangi da abokan wanda ya makara da biya, mun kuwa yi tir da su. To, mu tambayi kanmu ko akwai bambanci tsakanin wannan da tsare ɗan'uwa a tsakiyar kasuwa, ko a ƙofar coci bayan Misa, ana yi masa terere.

Sai maganar kuɗin ruwa. A ƙauyuka da yawa akan ba mutum buhu ɗaya tsakiyar damina, lokacin da yunwa ta matsa, a karɓi biyu da kaka. Wanda ya biya biyu bana, baɗi rumbunsa zai ƙare da wuri fiye da na bana, ya sake komawa, har gonar ta fita daga hannunsa. Irin wannan ne Nehemiya ya tarar a Urushalima, a sura 5 ta littafinsa: mutane sun jinginar da gonaki saboda hatsi, har 'ya'yansu sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu. Ya tara manya ya tsawata musu, ya sa suka mayar. Majalisun Ikkilisiya da aka yi a Lateran cikin Roma a 1139 da 1179 sun la'anci cin ruwa, Katikism kuma a lamba 2269 ya ɗora alhakin rai a kan waɗanda cin ruwansu da haɗamarsu suke jawo wa mutane yunwa da mutuwa.

Duk da haka Ikkilisiya ba ta ce kowane ƙari haram ne ba. A 1462 aka kafa wani asusun rance domin talakawa a garin Perujiya na Italiya bisa ga wa'azin 'yan ƙungiyar Waliyyi Faransis, a 1515 kuma Majalisar Lateran ta Biyar ta yarda irin waɗannan asusai su karɓi ɗan ƙari kaɗan domin gudanar da aiki. Wanda ya karɓi jari zai yi kasuwanci ya ci riba, ba laifi mai kuɗin ya sami rabo daidai gwargwado, musamman da yake darajar kuɗi tana faɗuwa. Amma wanda ya zo domin matarsa tana asibiti, hawayensa ba gona ba ne da za mu noma.

To, yafewa fa?

A Matiyu 6:12, cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana, kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita domin laifofinmu ita ce kalmar bashi. A Matiyu 18:23-35 kuma ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, shi kuwa ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ɗaya ne na ɗan ƙwadago, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. An yafe masa abin da ba zai iya biya ba ko da ya rayu sau dubu, ya kasa haƙuri da ladan wata uku da 'yan kwanaki. Mu ne bawan nan. Sai dai mu lura, mai kuɗi ne yake yafewa. Yafewa kyauta ce, wanda ake bi yana iya roƙonta, amma ba shi da ikon ba kansa.

Maimaitawar Shari'a 15 ta kafa shekarar yafe basusuwa bayan kowace shekara 7, Littafin Firistoci 25 kuma ya kafa shekara ta 50 domin kowa ya koma gādonsa. A kan wannan Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tsaya a 1994, sa'ad da ya roƙa a rage wa ƙasashe matalauta bashi saboda Jubili ta shekarar 2000, Paparoma Faransis ma ya maimaita roƙon domin Jubili ta 2025. A 2005 ƙasashen da suke bin Nijeriya suka yafe mata kimanin dala biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12. Ko a nan an yafe, an kuma biya. In mun yi murna da aka sassauta wa ƙasarmu, yaya za mu hana maƙwabci sassauci a kan tiya biyar?

Wani zai ce, in na yi ta yafewa za a mai da ni saniyar tatsa, iyalina kuma su sha wahala. Maganarsa tana da nauyi, gama 1 Timoti 5:8 ta ɗora wa kowa kula da gidansa. Bangaskiya ba ta hana mu cewa babu cikin gaskiya da ladabi ba, ba ta kuma hana mu neman hakkinmu wurin mai hali ba. Abin da Ubangiji yake nema a Luka 6:34-35 shi ne kada taimakonmu ya tsaya ga waɗanda muka tabbata za su rama mana. In ka ga mutum ba zai taɓa iya biya ba, gara ka ba shi kaɗan kyauta da ka ba shi da yawa rance, ka rasa kuɗi ka rasa ɗan'uwa.

Domin kiyaye zumunci, mu riƙa rubuta bashi a gaban shaidu, da adadi da ranar biya. Wannan ba rashin yarda ba ne, gama Manzo Bulus kansa ya rubuta wa Filimon da hannunsa cewa shi zai biya abin da Onisimas ya ci. In saɓani ya taso, mu bi matakan Matiyu 18:15-17: tsakaninku ku biyu tukuna, sa'an nan da mutum ɗaya ko biyu, daga baya dattawan ikkilisiya. Matiyu 5:23-24 kuwa ta ce sulhu da ɗan'uwa yana gaba da baiko a bagade. Saboda haka kafin Lahadi mai zuwa, wanda ake bi ya ɗauki abin da yake da shi ya je ya yi sallama. Mai bi kuma ya duba littafinsa, ya ga ko akwai sunan gwauruwa ko maraya ko majiyyaci da ya kamata ya soke, ya kuma faɗa musu da bakinsa domin su sami barci.

Ubangiji Yesu, wanda ya biya mana abin da ba mu iya biya ba, ya ba mu gaskiya wajen biya da jinƙai wajen bi. Amin.