IN AZZALUMI YA FICE DAGA ZAUREN SHARI'A, WA YA YI HASARA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan'uwana matasa, na ji wasunku a majalisun Kazaure da Roni da Gwiwa suna murna da ficewar sojojin Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, da kuma sanarwarsu ta Satumban 2025 cewa za su bar Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuka. Kun ce munafunci ya yi wa waɗannan wurare katutu. Ban musa ba. Amurka kanta ba ta cikin kotun nan, kuma galibin waɗanda aka gurfanar a gabanta 'yan Afirka ne.

To amma ku tsaya mu yi lissafi. Akwai wata baiwar Allah, Hadijatou Mani, da aka sayar da ita baiwa a Nijar tana 'yar shekara 12. Ba ta sami biyan buƙata a kotunan gida ba. A 2008 Kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Nijar da laifin ƙin kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Yau irinta ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa? Janar bai rasa kome ba da wannan ficewa. Ita ce ta rasa.

Kada wani ya ce ai kora da takunkumi su ne magani. Mutanen Babura sun gani da idonsu da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023: ciniki da Magarya ya tsaya, zumunci ya yi wuya, masu mulki kuwa tuwonsu bai ragu ba. Mu ma an dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Nuwamban 1995, da Abacha ya rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Shin ya tsorata? Shehu Musa 'Yar'Aduwa a kurkukun Abakaliki ya rasu, a 1997.

Ku tuna Hilful Fudul, alkawarin da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana don taimakon wanda aka zalunta. Mushirikai ne suka ƙulla shi, amma Annabi (SAW) ya halarta, kuma ya yaba shi bayan zuwan Musulunci. Saboda haka ni a ganina a bar azzalumi cikin zauren, kada a kore shi, kada kuma a tafa masa in ya kama hanyar fita. A zaunar da wakilinsa, a riƙa karanto masa sunayen waɗanda ya ɗaure, ɗaya bayan ɗaya, duniya tana ji.