Ɗan wa ne ɗalibin makarantar kuɗi?

Idan manomin albasa a Galmi, cikin gundumar Malbaza, ya sayar da amfanin gonarsa ya kai ɗansa kwalejin kuɗi a Birnin Konni, shin gwamnati ta sauke nauyin yaron ke nan? Wasu na cewa ciniki ne tsakanin uba da mai makaranta, don haka babu ruwan hukuma. Amma ilimi ba albasa ba ne da mai saye zai matsa ya ji ko ta ruɓe. Uban da bai yi boko ba ba ya iya auna abin da ake koya wa ɗansa sai ranar da sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, alhali shekara huɗu sun riga sun wuce. Wannan rauni na mai saye shi ne hujjar sa ido. Dokar tsarin ilimi ta Nijar ta 1998 ta amince da makarantu masu zaman kansu, amma ba ta cire ɗalibansu daga amanar ƙasa ba.

A 2025 gwamnati ta umarci waɗannan makarantu su rage kuɗin karatu da kashi 20 cikin 100. Iyaye sun samu sauƙi, sai dai akwai tambayar da ta rage: daga aljihun wa ragin zai fito? Mai makarantar da ya rasa tallafi yana iya rage ladan malamin da ake biya awa-awa, ko ya cika aji maƙil. A nan abin da uba ya samu, ɗa ne zai biya. Wanda ya yanke farashi, wajibi ne ya leƙa aji, ya kuma ɗauki wani sashe na nauyin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To amma ga talakan karkarar Illela, wanda 'yarsa ke karatu a ajin zana na gwamnati. Adalci ne a ɗebi dukiyar da shi ma yake da haƙƙi a cikinta a tallafa wa makarantar da ba zai iya biya ba? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma ba ya faɗuwa sai da sharaɗi. Duk makarantar da ta karɓi tallafi, ta ware kujeru kyauta ga 'ya'yan marasa hali, musamman 'yan mata, waɗanda dokar 2017 ta nemi a riƙe su a makaranta har shekara 16. Ta biya malamanta a kan kari, ta buɗe littattafanta ga mai duba makarantu.

Shi kuwa mai duba, hukuma ce za ta ba shi abin hawa da guzuri. Idan mai makaranta ne ya zuba masa mai, ya ciyar da shi, da wuya rahotonsa ya ambaci ajin da ya cika ko malamin da bai zo ba.