Tsayin Dutse da Wuyar Hawansa

A duniya akwai duwatsu 14 da tsayinsu ya haura mita 8,000, kuma dukkansu suna cikin jerin tsaunukan Himalaya da Karakoram, daga Nepal da Tibet zuwa arewacin Pakistan. Jera su bisa tsayi ba ya tayar da gardama. Everest ne a gaba da mita 8,849, K2 na biye da mita 8,611, sai Kangchenjunga da mita 8,586. Inda ake rabuwa shi ne idan aka ce a jera su bisa wuyar hawa, domin tsayi yana da ma'auni guda, ita kuwa wuya abubuwa ne da dama a cuɗe, kowanne da nasa ma'aunin.

Na farko shi ne ƙarancin iska. A ƙololuwar Everest, abin da huhu ke samu na iskar oksijin bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da yake samu a bakin teku ba. Wannan wuya tana tafiya da tsayi kai tsaye, kuma babu gwanintar da ke kawar da ita.

Na biyu shi ne tsarin jikin dutsen: yadda ya miƙe, da ko falalen dutse ne ko ƙanƙara mai tauri, da ko akwai inda hannu zai kama, ƙafa ta tsaya. Wannan ce wuyar da gwanaye ke nufi idan suna kwatanta duwatsu, kuma ba ruwanta da tsayi. Cho Oyu yana da mita 8,188, shi ne na shida a duniya, amma hanyar da aka saba bi a kansa yawancinta gangare ne na dusar ƙanƙara, har ana lissafa shi mafi sauƙi a cikin sha huɗun. A Karakoram kuwa, Gasherbrum II da Gasherbrum IV maƙwabta ne. Na farkon ya haura mita 8,000, ayari-ayari ake hawansa kusan kowace shekara. Na biyun mita 7,925 ne, ya gaza shiga jerin manya, amma tun da Walter Bonatti da Carlo Mauri suka taka ƙololuwarsa a 1958, waɗanda suka sake kaiwa can ƙalilan ne.

Baintha Brakk ya fi nuna wannan a fili. Mita 7,285 ne kawai, sai dai samansa hasumiya ce ta dutse miƙaƙƙe. Doug Scott da Chris Bonington na Birtaniya ne suka fara kaiwa kansa a 1977. Da suka juyo, a saukar farko bisa igiya, Scott ya yi lilo ya bugu da dutse, ƙafafunsa biyu suka karye. Da rarrafe ya sauko, kwana da kwanaki, a kan gwiwoyi da hannuwa, cikin guguwa, abokan tafiya biyu suna share masa hanya, Bonington kuma ya karya haƙarƙari a kan hanya. Sai a 2001, bayan shekara 24, wani ya sake taka wannan ƙololuwa. A tsakanin nan ɗaruruwan mutane sun hau Everest.

Na uku shi ne haɗari, wanda mutane da yawa ke haɗa shi da na biyun alhali sun bambanta. Annapurna, mai mita 8,091, shi ne na farko da aka hau a cikin manyan, a 1950, lokacin da Faransawa Maurice Herzog da Louis Lachenal suka kai samansa, sanyi ya cinye musu yatsu. Hanyarsa ta arewa ba ta fi ƙarfin matsakaicin gwani ba, amma tana ratsa wuraren da ƙanƙara ke zaftarowa ba sanarwa, shi ya sa ya daɗe yana cikin waɗanda suka fi cin rai. K2 ya tara duka ukun. A hanyar da aka fi bi, a wajen mita 8,200 akwai wani ƙuntataccen tsagi wanda dole a bi ta cikinsa, sannan a gitta ta gefen hagu, a ƙarƙashin wani katafaren bangon ƙanƙara da ya rataya a bisa kan masu wucewa. Mutum yana tafe da ƙyar, yana numfashi sau da yawa kafin ya ɗaga ƙafa, ba shi da halin sauri a daidai inda sauri ne kaɗai kariya. A watan Agusta na 2008 ɓangaren wannan bango ya ɓalle, ya tsinke igiyoyin da aka kafa, mutum 11 suka rasu a cikin kwana biyu.

An ƙirƙiro ma'aunai don rage wannan ruɗani. Na Faransawa yana da matakai shida, daga F mai sauƙi zuwa ED mai matuƙar wuya. Abin lura a nan shi ne hanya ake ba wa maki, domin dutse ɗaya yana da fuskoki da yawa. Fuskar Rupal ta Nanga Parbat ta miƙe kusan mita 4,600 daga gindi zuwa sama, kuma wanda ya bi ta can ya yi wani aiki daban da wanda ya biyo ta ɗaya gefen, ko da a wuri ɗaya suka tsaya a ƙarshe. Lokaci ma yana sauya lissafi: an hau Everest a hunturu tun 1980, amma K2 bai ba da kai a hunturu ba sai 16 ga Janairu, 2021, ranar da 'yan Nepal goma suka isa ƙololuwarsa tare. Haka nan salon hawa. Reinhold Messner da Peter Habeler sun hau Everest a 1978 ba tare da tulun oksijin ba, kuma tsakanin hawansu da na mai tulu a baya, yana bin igiyar da wani ya kafa masa, akwai tazara mai nisa.

Daga nan ne tambayar ta koma ta falsafa. Tsayi sifa ce ta dutsen kansa, yana nan ko an auna ko ba a auna ba. Wuya kuwa ba ta tabbata sai an ambaci mai hawa, da hanyarsa, da kayansa, da ranar da ya fito. Cewa wani dutse ya fi wani wuya magana ce da ba ta cika ba, sai an ƙara da cewa ga wa, ta ina, kuma da me. Akwai ma wuyar da ake ɗauke wa wani a ɗora wa wani. Sauƙin da baƙo ke samu a Everest, 'yan ƙabilar Sherpa ne suka saya masa da jikinsu: su ke shimfiɗa tsani a kan ramukan ƙanƙarar Khumbu kowace kaka, su ke kai kaya su komo sau da dama ta wurin da baƙon zai ratsa sau kaɗan. A watan Afrilu na 2014 ƙanƙara ta zaftaro a nan ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16. Duk jerin da ya sa Everest a sahun masu sauƙi ba tare da ambaton waɗannan mutane ba, ya tauye gaskiya.

Saura tambayar ko wuya kanta abar nema ce. A al'adar masu hawan dutse amsar ita ce e: hanya mafi tsanani ita ce mafi daraja. Malaman Musulunci sun tattauna irin wannan a babin ibada, inda aka san cewa lada yana ƙaruwa da wahalar aiki. Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya bambance a littafinsa Al-Muwafaƙat tsakanin nufin aiki mai girma wanda wahala ke biye da shi, da nufin wahalar ita kanta. Na farko ya halasta shi, na biyu ya ce ba shi ne manufar shari'a ba. Wannan rarrabewa tana haskaka batun duwatsu sosai. Wanda ya zaɓi miƙaƙƙiyar fuska don ya gwada iyawar da ya shekara yana koyo, yana neman wani abu ne da wuya ke rakiya. Wanda ya tsaya ƙarƙashin ƙanƙara mai shirin faɗowa bai ƙara gwaninta da komai ba, ransa kawai ya sa a caca, sau da yawa har da ran ɗan dakon da ke bayansa.

Akwai kuma duwatsun da abin da ya tsare su alfarma ce. A 1955 Joe Brown da George Band sun tsaya taku kaɗan kafin ƙololuwar Kangchenjunga, don cika alkawarin da ayarinsu ya yi wa sarkin Sikkim cewa ba za a taka wurin da mutanensa ke tsarkakewa ba. Kailash na Tibet, mai mita 6,638, mabiya addinin Hindu da Buddha da Jain da Bon duk suna girmama shi. Kewaya shi ake yi a ƙasa, tafiyar kusan kilomita 52, kuma ba a san wanda ya taɓa hawansa ba. Gangkhar Puensum na Bhutan, mai mita 7,570, shi ake ɗauka dutse mafi tsayi da ba a taɓa hawa ba. An gwada shi a shekarun 1980 ba a yi nasara ba, sannan a 1994 Bhutan ta hana hawan duk dutsen da ya wuce mita 6,000, a 2003 kuma ta rufe harkar gaba ɗaya.